Yadda ake gane likitan da za a ba amanar mara lafiya

Tambaya: "Mahaifiyata tana da hawan jini da ciwon gwiwa. Cikin wata shida mun ga likitoci uku, kowanne ya sauya mata magani. Na ƙarshen yana yi mata allura duk mako, ciwon ya lafa, amma fuskarta ta cika, jininta kuma ya ƙi sauka. Ta yaya mutum zai gane likitan kirki mai riƙon amana?"

Malam, Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi da ita. Kafin mu shiga maganar zaɓen likita, akwai abin da bai kamata ya wuce makon nan ba.

Allurar da ke kwantar da ciwon gaɓɓai nan take, daga baya fuska ta cika, jini ya ƙi sauka, galibi ɗaya ce cikin biyu. Ko dai sitiroyid ce, irin su deksametason, ko kuwa maganin kashe zafi mai ƙarfi irin daikulofenak, wani lokaci ma a haɗa su a yi tare. Sitiroyid idan aka daɗe ana ba mutum yana tara kitse a fuska da doron wuya da ciki, yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, yana tayar da suga, yana cinye ƙarfin ƙashi. Daikulofenak da 'yan uwansa irin ibufurofen suna rage jinin da ke shiga ƙoda, suna rage wa maganin hawan jini ƙarfi, suna kuma iya haifar da gyambon ciki ko su sa ya yi jini. Idan ƙoda ta taɓu fuska takan kumbura, musamman da sassafe. Ba wanda zai iya raba waɗannan biyun daga nesa. A kai ta babban asibiti a auna aikin ƙoda, wato kiriyatinin da yuriya da sinadaran gishirin jini, a duba fitsari ko akwai furotin, a auna suga da safe kafin ta karya. A zuba duk maganin da take sha a leda ɗaya a tafi da shi, har da jiƙe-jiƙe da garin magani na gargajiya, da kwalbar allurar in za a samu. Idan ta tabbata sitiroyid ne kuma ya haura mako uku ana ba ta, kada a yanke shi farat ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar ƙwaya mai samar wa jiki irin wannan sinadari, kuma takan rage aiki idan ana kawo na waje. In aka tsayar kwatsam mutum na iya galabaita, jininsa ya faɗi warwas. Likita ne zai riƙa ragewa a hankali.

Ka koma wurin mai allurar ka ce, "Likita, don Allah mene ne sunan allurar nan, kuma miligiram nawa ake yi mata?" Amsar da zai ba ka ita ce jarrabawar farko. Mai gaskiya zai faɗa, ya ma rubuta maka a takarda. Wanda ya ɓata rai, ko ya ce "haɗinmu ne na musamman", ko ya ce "in ba ka yarda da ni ba ka ɗauke ta", ya riga ya ba ka amsa. Akwai allurar sitiroyid ta halak da ake yi wa gwiwa, amma cikin gaɓar kanta ake yin ta, da tsafta irin ta ɗakin tiyata, kuma tsakanin ɗaya da ɗaya akan bar kamar wata uku. Allura a ɗuwawu duk mako ba ita ba ce.

Sai tambayar da mutane ke jin nauyin yi: shin mutumin nan likita ne ma kuwa? A wurinmu duk wanda ya sa farar riga ya rataya abin sauraren ƙirji, likita muke ce masa. A Nijar kalmar ta ma fi faɗi, domin asibitin kansa ake kira likita, mai digirin kuma a ce masa lokotoro. A Najeriya likita shi ne wanda ya yi shekara shida a jami'a ya sami digirin MBBS, a wurare irin su Jami'ar Ahmadu Bello da Bayero da Usmanu Ɗanfodiyo da ta Maiduguri, ko ya karanto a waje ya dawo ya ci jarrabawar tantancewa. Bayan nan sai ya yi shekara ɗaya yana aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, wata uku-uku a sashen cututtukan manya da na tiyata da na yara da na mata da haihuwa, kafin Majalisar Likitoci ta ƙasa, MDCN, ta ba shi cikakkiyar rajista da lambarsa. Lasisin aiki kuwa duk shekara ake sabunta shi. Wanda ake kira kwansaltan ya ƙara wasu shekaru biyar ko shida yana ƙwarewa a fanni ɗaya, ya ci jarrabawar kwalejin ƙwararrun likitoci ta ƙasa da ke Legas ko ta Afirka ta Yamma. Shi ya sa kake ganin haruffa irin FMCP ko FWACP ko FWACS a bayan suna. Kalmar "Dokta" ita kaɗai ba hujja ba ce, domin mai digiri na uku a kowane fanni Dokta ne, likitan dabbobi ma haka, har da wanda aka ba digirin girmamawa.

Wannan ba raini ba ne ga sauran ma'aikatan lafiya. Nas da ungozoma da jami'in lafiyar al'umma da ake kira CHEW da masanin harhaɗa magunguna da ma'aikacin ɗakin gwaji, kowa yana da karatunsa da hukumar da ke ba shi lasisi, kuma a ƙauyuka da yawa su ne ke riƙe da rayukan jama'a. Jami'in lafiyar al'umma yana da littafin ƙa'idar aiki da ya zayyana abin da zai yi wa magani da inda zai tsaya ya tura gaba. Matsalar tana farawa ne ranar da ya bar mutane suna kiransa likita bai gyara musu ba, ya buɗe ɗaki yana tsaga ciki. Mai kemis kuwa lasisinsa na sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita ne kawai. Yin allura da ɗaura ƙarin ruwa a bayan labule ba sa cikin abin da doka ta ba shi.

Tabbatarwa ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Ka nemi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta MDCN, ka nemi ganin lasisin bana. Likita na gaske ba ya jin haushin wannan, domin shi ma jabun suna ɓata masa suna. In shakka ta rage, ana iya tuntuɓar majalisar a Abuja a ba ta suna da lamba ta tabbatar. Asibitin kuɗi kuma dole ya kasance da rajistar gwamnatin jiha, takardar a rataye inda kowa zai gani. A Kano hukumar PHIMA ce ke wannan aiki, sauran jihohi suna da tasu hukumar ko sashen da ke yi a ma'aikatar lafiya. Ka lura da wata dabara da ta yi yawa: a yi wa asibiti rajista da sunan likita na gaske, shi kuwa yana wani gari, wanda ke ganin marasa lafiya kullum wani ne daban. Don haka ka tambayi sunan wanda ke zaune a gabanka, ba na kan allo ba. Kada kuma kwarjini ya ruɗe ka. A shekarar 2015 aka gano wani mutum da ya shafe kimanin shekara tara yana aiki a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da takardun likitancin abokinsa.

To amma lasisi ƙofar shiga ce kawai. Akwai mai lasisi marar amana. Inda ake gane shi da gaske shi ne cikin ɗakin duba marasa lafiya, kuma minti goma sun isa in ka san abin dubawa.

Likitan kirki yana tambaya kafin ya rubuta. Yaushe ciwon ya fara, me ke tayar da shi, wane magani ake sha yanzu, akwai wanda ya taɓa ɓata mata jiki, akwai suga ko ciwon ƙoda ko olsa, in mace ce mai shekarun haihuwa ko tana da juna biyu. Da an yi wa Hajiya tambaya ɗaya tak, "Kina shan maganin hawan jini?", ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da daikulofenak da sitiroyid. Bayan tambaya sai dubawa da hannu. Mai ciwon gwiwa a buɗe gwiwar, a taɓa ko da zafi ko ruwa, a lanƙwasa a miƙe, a ga yadda take tafiya. Awon jini ma yana da ƙa'ida: ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai da ƙirji, zanen awon ya dace da kaurin damtsenta, domin ƙaramin zane a kan babban damtse yana nuna lamba sama da gaskiya. Ba a yanke wa mutum hukuncin hawan jini da awo ɗaya sai in ya yi tsanani ƙwarai. Ana son a ga 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban. Wanda ya soma rubuta magani tun kana gaishe shi, ko cunkoso ya yi masa yawa ko ba ya kula, kuma in ya maimaita haka a zuwa na biyu, ka nemi wani.

A nan zan ɗan tsaya a kan "taifot da maleriya", domin ita ce ma'aunin da ya fi sauƙi. Kusan duk wanda ya je wasu wurare da ciwon kai ko kasala, da wannan amsar yake dawowa. Gwajin Widal da ake dogara da shi tun shekarar 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma a ƙasar da mutane suka taso suna cuɗanya da ƙwayar cutar, yana iya nuna alama a jinin mai cikakkiyar lafiya, ko a jinin mai zazzaɓin cizon sauro kawai. Gwajin da ke tabbatar da taifot shi ne a shuka jinin a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro, wanda ke ɗaukar kwanaki. Zazzaɓin cizon sauro kuwa ana ganinsa da ɗigon jini cikin minti goma sha biyar zuwa ashirin, kuma in bai yi tsanani ba ƙwaya ce maganinsa, galibi sau biyu a rana har kwana uku. Allura ta wanda ke amai ba ya riƙe magani ce, ko wanda cutar ta kai shi ga suma ko jijjiga ko ƙarancin jini. Likitan da duk wata yake ce maka taifot ne, bai taɓa tunanin ciwon sanyin mafitsara ko tarin fuka ko ciwon hanta ko suga ko damuwa ba, ya daina bincike. Shekaru ake ɓatawa a haka, cutar gaske tana cin mutum a ɓoye.

Laifin ba na likitoci ne kaɗai ba. Mu ma muna auna ƙwarewa da yawan allura da ledar ruwa. In aka ba mutum ƙwaya aka ce ya je gida ya sha ruwa ya huta, sai ya fito yana cewa ba a yi masa komai ba. Ledar ƙarin ruwa ta yau da kullum ruwa ne da gishiri ko suga, ba abinci ba ce, ba kuma maganin kasala ba ce, kuma ga mai raunin zuciya ko ƙoda tana iya cika huhu da ruwa. Allurar da aka soka ba a daidai ba a ɗuwawu tana iya taɓa babbar jijiyar ƙafa yaro ya tashi yana jan ƙafa. Jentamaisin, allurar kashe ƙwayoyin cuta, in ana yin sa barkatai yana taɓa ƙoda da ji. Ruwan naƙuda da ake ɗaurawa ba tare da lura ba yana iya fasa mahaifa. Likitan da ya iya ce maka "ba ta buƙatar allura" alhali ya san allurar ce za ta kawo masa kuɗi, ka riƙe shi da kyau.

Daga nan sai bayani. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da mara lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani da ke akwai, da amfani da haɗarin kowace, da kuɗinta, da haƙƙinsa na cewa a'a, kuma a yi ƙoƙari a yi masa da harshen da yake ji. A 2018 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin marasa lafiya da ya ƙara jaddada haka. Ke nan tambaya ba rashin kunya ba ce. Kafin ku tashi daga gabansa ya kamata ka iya amsa waɗannan da kanka: me yake zaton yana damun ta, gwajin nan me ake nema da shi, kowane magani na mene ne kuma har yaushe za a sha, wace illa za a lura da ita, yaushe za a dawo. Wanda ya ce "ban tabbatar ba tukuna, abu biyu nake zargi, gwajin nan zai raba mana" ya fi wanda ke da amsar komai tun daga bakin ƙofa. Sannan a rubuta. Kati ko fayil, takardar magani mai ɗauke da sunan maganin da ƙarfinsa da sa hannun likita, sakamakon gwaji a hannunku, rasit na duk abin da aka biya. Akwai asibitocin da ke ɓare ƙwayoyi daga kwalinsu su zuba a farar ambulan ba suna, don kada a saya a waje. Kada ka karɓa. Ranar da Hajiya ta faɗi aka kai ta wani asibitin, ba wanda zai san abin da ta sha. Kwalin ne kuma ke ɗauke da lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace.

Maganar kuɗi sai an yi ta a fili. Neman halak ba aibi ba ne, asibitin kuɗi yana biyan haya da man janareto da albashi. Abin dubawa shi ne ko kuɗin ne ke juya shawarar. In likita ya ce dole sai a ɗakin gwaji kaza za a yi hoto, ka tambayi dalili. Wani lokaci dalilin na gaskiya ne, injinsu ya fi kyau ko akwai ƙwararren da ke karanta hoton. Wani lokaci kuma la'ada ce ake ba shi kan kowane mutum da ya turo. Haka wanda ka same shi a asibitin gwamnati ya rage murya ya ce "nan za ku daɗe a layi, ku same ni a asibitina da yamma". Kundin ɗa'ar aikin likita a Najeriya ya hana janye marasa lafiya daga asibitin gwamnati zuwa na kai, ya kuma hana likita tallata kansa. Saboda haka wanda kake ji a rediyo ko Facebook ko TikTok yana cewa yana warkar da suga da hawan jini da ciwon hanta da rashin haihuwa cikin kwana arba'in, ko ba likita ba ne, ko likita ne da ya yar da ƙa'idar aikinsa. Hawan jini da suga sarrafa su ake yi tsawon rai, ba a yi musu alkawarin rabuwa. Masu niyyar fita Masar ko Indiya su ma su sani dillalan da ke haɗa tafiyar galibi daga asibitin can ake biyansu. A nemi kwansaltan na gida ya rubuta rahoto, ya faɗi ko aikin ana yin sa a nan, sannan a san wanda zai ci gaba da duba mara lafiya in an dawo.

Alamar da na fi ba nauyi ita ce likita ya san iyakarsa. Ba likitan da ya iya komai. Wanda ya duba ya ce "wannan ba fannina ba ne", ya rubuta takardar tura ku mai ɗauke da abin da ya gani da abin da ya bayar, ya rasa kuɗin ranar amma ya cika amana. Ƙashi da gaɓɓai akwai asibitin ƙashi na Dala a Kano, ido akwai cibiyar ido ta ƙasa a Kaduna, lalurar ƙwaƙwalwa akwai asibitocin Barnawa a Kaduna da Kware a jihar Sakkwato da Maiduguri, yoyon fitsari akwai Babbar Ruga a Katsina, ga asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika a Zariya da Sakkwato. Sau da yawa asarar rai a ƙananan asibitoci ba daga mugun nufi take zuwa ba, daga riƙe mara lafiya take zuwa, a yi ta gwada wannan da wancan har sai ya galabaita sannan a ce a tafi babban asibiti.

Wannan ya fi muni a harkar tiyata. In ba gaggawa ba ce, irin ƙari a mahaifa ko ƙaba ko sauya gwiwa, ka nemi ra'ayin likita na biyu a wani asibiti daban, ka tafi da hotuna da sakamako. Mai gaskiya ba ya hana wannan. Kafin sa hannu ka tambaya: wa zai yi aikin da hannunsa, ya saba yin irinsa, wa zai ba da allurar barci kuma shi zai tsaya a kanta har a gama, akwai iskar oksijin da wutar da ba za ta ɗauke ba, an tanadi jini kuma an tace shi daga ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, in abu ya ɓaci ina za a kai ta kuma da wace mota. Inda mutum ɗaya ne ke ba da allurar barci kuma shi ne ke yanka, a guje shi. Duk abin da aka ciro daga jiki a tambaya ko za a kai shi gwajin ƙwayoyin nama, domin ta nan ake gane ciwon daji da wuri. A kuma karɓi takardar sallama mai bayanin aikin da aka yi. Takardar amincewa da ake miƙo wa mutum a kan gadon tiyata ya dangwala ba tare da an karanta masa ba, ba amincewa ba ce.

Sirri ma amana ce. Likita ba ya faɗa wa miji ko suruka ko maigidan aiki ciwon mutum sai da izininsa, in ban da inda doka ta tilasta. In yana ba ka labarin ciwon wani da sunansa, gobe naka zai bayar. Mace tana da damar neman likita mace in akwai, in babu kuma namiji ba ya duba tsiraicinta sai da nas mace ko 'yar uwarta a ɗakin, a rufe ƙofa, a buɗe iya wurin da ake buƙata. Baligar mace mai hankalinta ita ke da amincewar jikinta. Shawara da maigida abu ne mai kyau, amma likitan kirki ba zai bar mai zubar da jini tana jiran wanda ke kasuwa ba. Akwai kuma abin da 'ya'ya ke yi don tausayi, su ce kada a gaya wa tsohuwa ciwonta. Likita mai ɗa'a zai saurare ku, sannan ya tambaye ta a hankali iya abin da take son sani, ba zai yi mata ƙarya ba. Ka lura ma ko da Hajiya yake magana ko da kai kaɗai, kamar ba ta ɗakin.

Ku ma akwai naku. Likita uku cikin wata shida ya yi yawa ga hawan jini. Maganinsa yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a ga cikakken aikinsa, kuma mutane da yawa sai an haɗa musu iri biyu ko uku. In aka sauya likita kafin lokacin, sabon zai fara daga farko, ko ya ɗora nasa a kan na baya ba tare da ya sani ba. Wasu illolin ma sanannu ne kuma ana gyara su: amlodifin kan kumbura ƙafa, lisinofiril kan kawo busasshen tari. Waɗannan dalilin komawa ne a faɗa, ba dalilin guduwa ba. Ku zaɓi wuri ɗaya mai ajiye fayil, sashen likitocin iyali ko asibitin masu hawan jini na babban asibiti. Ku sayi ɗan littafi ku riƙa rubuta awon jini safe da yamma da kwanan wata da sunan kowane magani. Kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in ta daina shan magani saboda tsada ko azumi, ko tana haɗawa da na gargajiya, a faɗa. Wurin neman shawarar wanda za a gani, nas-nas da masu harhaɗa magani na babban asibiti sun fi kowa sanin likitan da suke kai iyayensu wurinsa.

In an riga an cutar da mutum, akwai inda ake kai kuka. A fara da shugaban asibitin a rubuce, a asibitocin tarayya akwai teburin SERVICOM mai karɓar koke-koke. Asibitin kuɗi a kai ƙararsa hukumar jiha mai ba da rajista. Likita mai lasisi ana kai ƙararsa ga kwamitin bincike na MDCN, da takardar rantsuwa da aka yi a kotu, mai ɗauke da suna da kwanan wata da abin da ya faru, haɗe da kwafin kati da rasit. In kwamitin ya ga akwai abin tuhuma sai ya miƙa wa kotun ladabtarwa ta majalisar, wadda ke iya jan kunne ko dakatarwa ko soke suna daga rajista. Wanda ba likita ba ne kuwa yake shigar likitoci, laifi ne da ake kai wa 'yan sanda. Mutanenmu sukan ce ƙaddara ce su yi shiru. Imani da ƙaddara gaskiya ne, kuma ba duk mutuwa a asibiti ce sakaci ba, domin akwai ciwon da ya fi ƙarfin kowa. Amma hadisi ya zo cewa wanda ya yi aikin magani alhali ba a san shi da iliminsa ba, shi ne mai ɗaukar alhakin abin da ya ɓata. Shirun iyali ɗaya shi ke ba shi damar taɓa na gaba.

Game da Hajiya, kafin ranar ganin likita, in numfashinta ya soma sarƙewa, ko fitsari ya ragu sosai, ko ta yi baƙin bahaya kamar kwalta ko aman jini, ko baki ya karkace ko ɓarin jiki ya saki, ko awo ya kai 180 bisa 120 tare da ciwon kai mai tsanani ko dishi-dishin gani ko ciwon ƙirji, a wuce da ita sashen gaggawa a daren, kada a jira safiya. Sashe na 20 na dokar 2014 ya hana kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin ba da taimakon gaggawa bisa kowane dalili. A tafi da ledar magungunan da ɗan littafin awon.